Fiɗar Dajin Ƙoda: Me Ya Sa Ake Cire Wa Wani Kaluluwa, A Bar Wa Wani?

Duk wanda ya daɗe yana neman abinci a Kurmi ya san irin kiran da kan zo daga gida bayan sallar lisha, lokacin da aka tashi daga kasuwa. Ana gama gaisuwa sai a ji an ce, "Yaya, jikin Baba ne ya matsa, likita ya ce sai an yi masa aiki." Daga nan sai a shiga haɗa kuɗi, na Agege ya kawo nasa, na Sabo a Badun ya aiko, na Shagamu da na Fatakwal su cika. Amma sau da yawa masu aika kuɗin nan ba su san ainihin aikin da za a yi ba, balle su san abin da ya kamata a tambayi likita.

A ɗauki misali da magidanta biyu 'yan unguwa ɗaya a Suleja, ta Jihar Neja. Dukansu an gano suna da ciwon daji a ƙoda, dukansu an yi musu fiɗa. Na farko ƙodar kaɗai aka cire masa. Na biyu kuwa, bayan ƙodar, sai da likita ya bi ya kwashe kaluluwar da ke kewaye da ita. Da labari ya iso Ikko, sai dangin na farko su ce an yi musu rabin aiki, an bar saiwar ciwo a ciki. Dangin na biyu kuma su ce an yi wa nasu yankan da ya wuce kima don a ƙara musu kuɗi. Alhali kuwa mai yiwuwa ne kowane likita daidai ya yi. Dalilin haka shi ne abin da ya kamata mai karatu ya sani.

Mece ce kaluluwa?

Babu Bahaushen da bai san kaluluwa ba. Idan yaro ya yi tuntuɓe yatsan ya ɗuri ruwa, bayan kwana biyu sai wani ɗan ƙullutu ya fito masa a matsematsi, ya kama ɗingishi. In ciwon a hannu yake, sai ta fito a hammata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ba ciwon ne ya kawo ta ba. Da ma can tana wurin, kumbura kawai ta yi. Kowane ɗan Adam yana da ɗaruruwanta a jiki: a wuya, da hammata, da matsematsi, da ƙirji, da can cikin ciki, galibinsu ba su fi ƙwayar wake girma ba.

Bayan jijiyoyin jini, akwai waɗansu siraran hanyoyi a jiki masu kwashe wani ruwa garai-garai daga cikin tsoka, su mai da shi cikin jini. Kaluluwa tana zaune ne a kan waɗannan hanyoyi kamar shingen bincike a kan titi. Duk ƙwayar cutar da ta biyo ta nan sai ta tare ta. Mahautan abbatuwar Oko-Oba a Agege sun fi kowa sanin wannan, don kullum suna cin karo da ita cikin kitse, kuma ita ce ma'aikatan duba nama kan tsaga su gani kafin su ce saniya lafiyayya ce.

Ita kuwa ƙoda, guda biyu ce, a can baya, hagu da dama ga ƙashin gadon baya, a lulluɓe cikin kitse. Kaluluwarta tana jere ne a jikin manyan jijiyoyin jini biyu da suka ratsa tsakiyar ciki, ɗaya mai sauko da jini daga zuciya, ɗaya mai mai da shi. Watau duk likitan da zai cire ta, sai ya yi aiki da wuƙa a gefen jijiyoyin da suka fi kowaɗanne girma a jikin mutum. Ba wuri ne da ake shiga haka kawai ba.

Yadda ake yi a da

A shekarar 1869 ne wani likita Bajamushe, Gustav Simon, ya cire wa wata mata ƙoda ɗaya a garin Heidelberg, ta kuwa rayu. Tun daga nan aka tabbata mutum na iya zama lafiya da ƙoda guda. Kusan shekara ɗari bayan haka, a 1963 da kuma 1969, wani likita a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Charles Robson, ya bayyana hanyar da ya ga ta fi dacewa da dajin ƙoda. A cire ƙodar, da kitsen da ya rufe ta, da wani ɗan nama da ke zaune a kanta kamar hula, sannan a kwashe kaluluwar yankin gaba ɗaya. Hankali ya ɗauki wannan magana, domin wanda zai kashe gamba ba ya barin tushe. Shekaru da dama haka aka riƙa koya wa ɗaliban fiɗa a ko'ina cikin duniya.

To, amma likitoci ba su tsaya ga abin da hankali ya ɗauka kawai ba, sai da suka gwada. Ƙungiyar binciken ciwon daji ta ƙasashen Turai ta tara marasa lafiya 772 tsakanin 1988 da 1991, duk masu dajin ƙoda waɗanda hoto bai nuna ciwon ya yaɗu ba. Aka raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya aka cire musu ƙoda kaɗai, ɗaya kashin aka haɗa da kaluluwa. Aka yi ta bin lafiyarsu fiye da shekara 12, sannan aka buga sakamakon ƙarshe a 2009.

Abin da aka samu ya ba mutane da yawa mamaki. Cikin waɗanda aka cire wa kaluluwa, mutum 4 ne kacal cikin 100 aka tarar ciwon ya shige ta. Sannan babu wani bambanci tsakanin kashin biyu, ko wajen tsawon rai ko wajen dawowar ciwo. Watau ga mutumin da ciwonsa bai fita daga ƙoda ba, kuma kaluluwarsa ba ta kumbura ba, kwashe ta ba ya ƙara masa komai.

Me ya kawo haka?

Dalili shi ne dajin ƙoda ba ya yawan bin hanyar shinge. Ƙoda gaɓa ce mai shan jini ƙwarai, don kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa ta cikinta yake bi. Saboda haka ƙwayoyin ciwon sukan faɗa cikin jini kai tsaye, su zarce huhu, ko ƙashi, ko hanta, ba tare da sun taɓa kaluluwa ba. Wani lokaci ma ciwon da kansa yakan yi tsiro ya shige cikin jijiyar ƙodar, ya miƙa zuwa babbar jijiya. Direban da ya san hanyar Lokoja zuwa Zuba ya san ba kowace mota ce ke tsayawa a shinge ba, wata ta ɓarauniyar hanya take zagayewa. Rushe shingen ba zai dawo da motar da ta riga ta wuce ba.

Bugu da ƙari, hanyoyin ruwan da ke fita daga ƙoda ba iri ɗaya suke ga kowa ba. Na wani sukan bi ta kaluluwar kusa, na wani su tsallake ta su nufi ƙirji. Kuma galibin waɗanda aka samu ciwon a kaluluwarsu, akan tarar ya riga ya kai wani wurin ta hanyar jini.

Amma nan ba Turai ba ce

A nan ne ya kamata mutumin Suleja, da ɗan'uwansa da ke Kurmi, su yi hattara. Mafi yawan mutanen da aka yi gwajin Turai da su, ciwonsu bai yi nisa ba. A ƙasashen Turai da Amurka, fiye da rabin masu dajin ƙoda akan gano nasu ne bisa katari, mutum ya je ɗaukar hoton ciki saboda wani dalili dabam sai a hango ɗan ƙari. Irin wannan ma sau da yawa ba a cire ƙodar duka, ƙarin kaɗai ake yankewa a bar masa sauran.

A Nijeriya kuwa, rahotannin da likitocin asibitocin koyarwa suka buga, Arewa da Kudu, bakinsu ya zo ɗaya: mafi yawan marasa lafiya ba su zuwa sai ciwo ya ci jiki. Mutum ya zo da ƙari a kwiɓi wanda hannu ke iya taɓawa, ga ciwon baya, ga rama, ga jini a fitsari.

Abubuwa biyu ne suka fi jawo wannan jinkiri. Na farko tsargiya. Wanda ya tashi yana wanka a rafi ko kududdufi ya saba ganin fitsarin jini tun yana yaro, saboda haka in ya gan shi yana ɗan shekara hamsin sai ya ce tsohuwar tsargiya ce ta motsa. Ga shi kuma jinin dajin ƙoda yakan zo ba tare da zafi ba, ya yi kwana biyu ya ɗauke, sai a ce jiƙon da aka sha ne ya yi aiki. Na biyu shi ne maganar nan da ta zauna a bakin jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Gaskiyar al'amari ita ce waɗanda suka rasu bayan fiɗa, galibi ba ƙarfen ne ya kashe su ba, lattin zuwa ne. Dajin ƙoda na manya ba ya jin maganin ƙarin ruwan da aka saba yi wa sauran ciwace-ciwacen daji, ba ya kuma jin gashi sosai. Fiɗa a kan kari ita ce babbar hanyar warkewarsa.

Idan ƙari ya yi girma, lissafi yakan canza. A 2004 likitocin asibitin Mayo na Amurka sun fitar da alamomi biyar da ke nuna ciwon zai fi saurin shiga kaluluwa. Daga ciki akwai ƙarin da faɗinsa ya kai santimita 10, da wanda ya fasa ƙoda ya shiga kitse ko jijiya, da wanda cikinsa ya fara ruɓewa. Sauran biyun sai an duba naman a madubin likita ake gane su. Da suka sake bin masu alama biyu ko fiye, a wani rahoto na 2011, sai suka tarar 38 cikin 100 ciwon ya shiga kaluluwarsu. Tsakanin 4 da 38 akwai tazara. Ke nan maganar kaluluwa ta fi shafar marasa lafiyar ƙasar nan fiye da na Turai. Duk da haka, ko a kan irin waɗannan, binciken da asibitin ya sake yi daga baya bai nuna cewa kwashe ta na ƙara tsawon rai ba.

To, mene ne amfanin cirewar?

Amfaninta sani ne. Hoto yana nuna kaluluwa ta kumbura, amma ba ya faɗin abin da ya kumbura ta. A 1990 waɗansu likitoci a birnin Bern na ƙasar Suwizalan suka duba kaluluwar da hoto ya nuna ta kumbura a jikin masu dajin ƙoda, suka tarar 58 cikin 100 babu daji a ciki, kumburi ne kawai irin na yaron da ya yi tuntuɓe. A ƙasa irin Nijeriya kuma, inda tarin fuka bai ƙaura ba, shi ma yana iya kumbura kaluluwar ciki. Saboda haka kada a yanke ƙauna don an ji likita ya ce ya ga kumburi a hoto. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Sai an ciro an duba sannan a tabbata.

Wannan ya sa ƙungiyoyin likitocin mafitsara na Turai da na Amurka suka tsaya a kan matsayi kusan ɗaya. Idan ciwo yana cikin ƙoda, kaluluwa kuma ba ta kumbura ba, a bar ta. Idan hoto ya nuna ta kumbura, ko likita ya ji ta da hannunsa lokacin aiki, a cire ta a kai ɗakin bincike, don a san matakin da ciwon ya kai.

Sanin matakin kuwa ba abin banza ba ne. Shi ke nuna ko za a riƙa ɗaukar mutum hoto a kai a kai bayan aiki, ko kuwa jefi-jefi ya isa. Har ila yau, tun daga 2021 aka amince a riƙa ba waɗanda aka yi wa fiɗar dajin ƙoda wani magani mai suna pembrolizumab, wanda ake ƙara wa mutum ta jijiya bayan kowane mako uku har kusan shekara guda, yana ta da garkuwar jiki ta yaƙi ragowar ciwon. An gwada shi a kan mutum 994 masu haɗarin dawowar ciwo bayan fiɗa, ciki har da waɗanda ya shiga kaluluwarsu, kuma a 2024 aka ba da rahoton cewa yana ƙara tsawon rai. Maganin yana da ɗan karen tsada, ba kowane gida ke iya ɗauka ba. Amma ko mai hali ba zai san ya cancanta ba sai an duba abin da aka ciro.

Cirewar kuma tana da nata haɗarin. Aiki yakan ƙara tsawo, jijiya na iya tsagewa a zubar da jini, wani lokaci kuma wani ruwa mai kama da madara yakan riƙa taruwa a ciki bayan aiki, sai an sa roba an zuƙe, an kuma hana mutum cin maiƙo na ɗan lokaci. A hannun gwanaye ba kasafai haka ke faruwa ba, amma ya isa ya hana likita yin abin da ba shi da amfani.

Na yara dabam ne

Duk abin da aka faɗa a sama na manya ne. Akwai wani dajin ƙoda na ƙananan yara, galibi 'yan ƙasa da shekara biyar, wanda likitoci ke kira da sunan Wilms, wani likitan Jamus da ya yi bayaninsa a 1899. Sau da yawa uwa ce kan fara jin ƙarin a cikin yaro lokacin da take yi masa wanka, sai a ce saifa ce ko shawara, a yi ta ɗura.

A wannan ciwo, ɗebo kaluluwa wajibi ne a kowane aiki, ko ta kumbura ko ba ta kumbura ba. Dalili kuwa, shi wannan dajin yana jin magani, yana kuma jin gashi, kuma abin da aka gani a kaluluwa shi ke nuna yawan maganin da za a ba yaro da ko za a gasa wurin. In ba a duba ba, ana iya ba shi maganin da bai kai ba, ciwo ya dawo. A ƙasashen da ake kai yara da wuri, wajen 9 cikin 10 suna warkewa. Saboda haka uban da aka yi wa ɗansa irin wannan aiki yana da haƙƙin ya tambaya ko an ɗebi kaluluwa.

Abin da dangi za su yi

Mutanen Suleja suna da sa'ar da garuruwa da yawa ba su da ita. Garin da a da ake kira Abuja, kafin a ba sabon babban birnin tarayya sunan a kuma raɗa masa na Sarki Sulaimanu Barau, yanzu yana bakin ƙofar manyan asibitoci. Ana iya fara gwajin fitsari da hoton sikanin a Babban Asibitin Suleja ko wani asibiti na kusa. In an ga ƙari, irin wannan babban aiki akan tura shi inda ke da likitocin mafitsara da ɗakin binciken nama, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya. Wanda kuma ciwon ya same shi a Kurmi, ba sai an ɗora shi a motar dare an mai da shi gida a fara na gargajiya ba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana nan a Idi-Araba, maƙwabcin unguwar Hausawa, na Badun ma ba shi da nisa da Sabo.

Masu haɗa kuɗi su tuna aikin ba daga ranar fiɗa yake farawa ba, ba kuma nan yake ƙarewa ba. Kafin aiki akwai babban hoton ciki da ƙirji da ake kira siti-sikan. Shi ke nuna girman ƙari, da halin kaluluwa, da lafiyar ɗaya ƙodar. Kada a ce a tsallake shi don a rage kashe kuɗi, domin da shi likita ke tsara aikinsa. Bayan aiki kuma akwai kuɗin binciken naman da aka ciro. Waɗansu kan so a ba su shi su binne, waɗansu kuma da zarar an sallami mara lafiya ba su sake waiwayar takardar sakamako. Wannan kuskure ne babba, don in an cire kaluluwa ba a duba ta ba, an sha wahalar banza ke nan.

Wanda ke jinya a asibiti, ya sami likita cikin ladabi ya yi masa tambayoyi huɗu. Ranka ya daɗe, nawa ne girman ƙarin, kuma ya fita daga ƙoda? Hoto ya nuna kaluluwa ta kumbura? Za a cire ta ko za a bar ta, kuma saboda me? Yaushe za a zo karɓar sakamakon nama? Ya rubuta amsa, ya karanta wa na Kurmi a waya, ya kuma adana kowace takarda wuri ɗaya.

Bayan an koma gida, ƙodar da ta rage ita ce jari. A guji shan maganin ciwon jiki barkatai daga masu talla a tasha, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. A kula da hawan jini da ciwon suga, a bar taba, don taba da ƙiba da hawan jini suna cikin abubuwan da ke jawo ciwon tun farko. Ranar da likita ya ce a dawo, a dawo, ko da mutum yana jin garau.

Magidantan nan biyu na Suleja, ba yawan abin da aka yanke ne zai nuna wanda aka fi yi wa aiki mai kyau ba. Wanda aka cire wa ƙoda kaɗai, wataƙila shi ya fi sa'a, don alama ce ya zo da wuri. Babban da ya ga jini a fitsarinsa ko da sau ɗaya ne, ko uwar da ta ji ƙari a cikin ɗanta, kada su jira sai an buga waya Kurmi da dare. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma buɗa wa masu ɗawainiya da su, amin.